Babban makullin Linux da shekara 15 da aka kwashe ana cire shi

A watan Mayun 2011 aka fitar da Linux 2.6.39. Cikin sauye-sauyen da ya zo da su akwai guda da mai amfani da kwamfuta ba zai taɓa gani da idonsa ba, amma masu aikin sun daɗe suna jiransa: an cire BKL, babban makullin da ya zauna a cikin kanel tun Linux 2.0 na 1996. Injiniya Arnd Bergmann ne ya ƙarasa aikin. Har yau ana kawo labarin a matsayin gargaɗi ga masu son sauƙi, kuma a nan ne ake yi wa makullin rashin adalci.

Kanel shi ne sashen manhajar da ke raba wa sauran manhajoji ƙwaƙwalwar ajiya da lokacin aiki, yana kuma magana da faifai da allo da na'urar sadarwa. Duk wayar Android da ke aljihun mutum, Linux ne a ƙarƙashinta. Muddin furosesa ɗaya ce a na'ura, babu rigima sosai. Da zarar sun zama biyu, za su iya kai hannu kan jerin bayanai guda a lokaci guda, wannan na ƙarawa wancan na gogewa, jerin ya lalace. Makulli shi ne maganin: wanda ya riƙe ya yi aikinsa, saura su jira.

Masu Linux na 1996 sun ɗauki hanya mafi gajarta. Makulli ɗaya ga kanel gaba ɗaya, kamar shago mai ƙofa guda da ba ya ɗaukar mai ciniki biyu. A lokacin na'ura mai furosesa biyu abin marmari ce, mai huɗu kuwa sai manyan kamfanoni. Da sun tsaya sai sun tsara makullai ɗaruruwa, da sun ɓata shekaru kan layin da bai riga ya taru ba. Shawarar ta yi daidai da zamaninta.

Layin ya taru daga baya. Furosesa ta ƙaru, aka wayi gari takwas ko goma sha shida suna zaman jiran ɗaya. Kuma makulli yana da kuɗinsa ko babu mai jira, domin bayanin da ke nuna a buɗe yake ko a kulle sai ya yi ta kai-komo tsakanin ƙananan ma'ajiyun furosesoshin, kowace tafiya da lokacin da take ci. Sai aka shiga farfasa shi zuwa ƙananan makullai, kowane da abin da yake tsaro.

Wannan farfasawar ba kyauta ba ce, kuma masu ɗokin gudu ba su cika faɗin farashinta ba. In aiki na farko ya riƙe makullin A yana jiran B, na biyu ya riƙe B yana jiran A, na'ura ta sandare ke nan. Dole a kafa tsarin wanda za a fara ɗauka, dole kuma dubban masu rubutu a ƙasashe daban-daban su kiyaye shi ba kuskure. Abin ya fi ƙarfin idon mutum, har Ingo Molnar ya shigar da lockdep a 2006, manhajar da aikinta kawai sa ido kan yadda ake ɗaukar makullai. Tun 2002 aka kawo RCU, dabarar da Paul McKenney ya shahara da ita, wadda ke barin masu karanta bayani su wuce ba tare da makulli ba. Tana da gudu ƙwarai, amma fahimtar ƙa'idojinta karatu ne mai zaman kansa. Inda ayyuka ke tsere da juna kuwa, kuskure yana iya ɓuya ya daɗe. Ɓarakar Dirty COW da aka bankaɗo a 2016 irin wannan ce, kuma ta shekara tara a cikin kanel, har da na wayoyin Android, tana iya ba ɗan kutse cikakken iko da na'ura.

Sauran manhajoji irin Linux ma sun sha nasu. FreeBSD ta yi fama da makullinta mai suna Giant, kuma saɓanin yadda za a fita daga gare shi na cikin abin da ya sa Matthew Dillon ya ware ya kafa DragonFly BSD a 2003. OpenBSD, wadda ta fifita tsaro a kan gudu, ta riƙe babban makullinta tana sassauta shi sannu a hankali, kuma babu mai hankalin da zai ce jahilci ne ya sa. Misali mafi ƙarfi shi ne seL4, ƙaramin kanel da masu bincike a Ostareliya suka tabbatar da ingancinsa ta hanyar lissafi a 2009. Gernot Heiser da abokan aikinsa sun auna, suka kuma nuna a 2015 cewa ga kanel irin nasu babban makulli ɗaya ya wadatar a na'ura mai furosesa 'yan kaɗan, domin kowane aiki yana shiga ya fita nan take, layi bai samun damar taruwa. Tambayar da ta kamata mai gini ya yi ke nan: tsawon wane lokaci ake riƙe makullin, kuma su nawa ke jira? Amsarta tana wurin awo, a kan na'urar da za a yi aiki da ita.

To me ya sa BKL ya ci shekara 15? Laifinsa na gaskiya ba girmansa ba ne. Yana da wasu halaye na alfarma: wanda ya riƙe shi zai iya sake ɗaukarsa, kuma in aiki ya kwanta jiran wani abu, makullin na sakin kansa. Wannan ya sa ɗaukarsa ta yi daɗi, aka yi ta yayyafa shi a direbobin na'urori da tsare-tsaren fayil, sau da yawa ba tare da an rubuta abin da yake karewa ba. Da lokacin cirewa ya zo, sai da aka bi wuri-wuri ana tono niyyar mutanen da wasunsu sun daɗe da barin aikin. Da kowane mai ɗauka ya bar layi biyu na bayani, da wahalar ta ragu ƙwarai. Wannan sakaci ne na rubutu, kuma ƙananan makullai ma ba su tsira daga irinsa ba.

Yadda aka ƙarasa aikin ma yana goyon bayan masu sauƙi. A wurare da dama ba a ƙirƙiro wata sabuwar dabara ba. Direbobi da yawa an ba kowannensu makulli guda nasa na kansa, sashen tty mai kula da tashoshin rubutu ya samu babban makullinsa daban, tsarin fayil na HPFS ma haka. Tsofaffin sassa irin su smbfs, da babu mai kula da su, sai aka fitar da su daga kanel ɗin ɗungurungum.