Raƙumin dawa ya ci waken talaka, wa zai biya?

A kilomita wajen 60 daga Yamai, kan hanyar Doso, akwai Kure, inda ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma ke kiwo. A 1996 ba su kai 50 ba. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji cikin jahar Maraɗi. Abin alfahari ne, kuma mukan yi ta yaɗa hotunansu a Facebook. Sai dai akwai mutum guda da ba ya fita a hoton: manomin da ya haƙura da su.

Raƙuman Kure ba cikin shinge suke ba. Cikin gonakin mutane suke yawo. Su bi wake su cinye, su miƙa wuya su sauke mangwaro, wani lokaci ma har abin da aka tara bayan girbi ba su bari ba. Doka ta hana a taɓa su, kuma daidai ne. Amma ku sa kanku a matsayin magidancin da ya yi damina guda yana wahala, ya wayi gari gonar ta zama fili, ga mota ta tsaya bakin hanya baƙi na ɗaukar ɓarawon hoto suna murna. In ya ji haushin yawon buɗe ido, jahilci ne? A'a wallahi. Lissafi ne.

Da can akwai abin da ke sanyaya rai. Baƙi na biyan kuɗin shiga, samarin yankin na samun aikin rakiya, ƙungiyoyi na ɗan taimaka wa ƙauyuka. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da ƴan ƙasa 2, direba da ɗan rakiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka Faransa ta shafa wa taswirar Nijar ja, in ban da Yamai. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Raƙuman kuwa ba su karanta sanarwar ambasad ba, suna nan suna cin wake.

Mutanen Agadas sun riga kowa shan wannan ɗacin. Tawayen 2007, sannan sace ma'aikata a Arlit a 2010, suka kashe kasuwar. Direbobin da suka san Tenere kamar tafin hannunsu, da yawa sun koma jigilar masu zuwa Libiya, sai dokar 2015 ta sa aka shiga kama su, har zuwa soke ta a 2023. A tsakani, UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Suna mai daɗi. Amma mai gida a tsohuwar unguwa an ce masa ya riƙe ginin ƙasa yadda ya gada, yaɓe kuwa kowace shekara daga aljihunsa.

To, mu ƴan birni fa? Nan ne maganar ta dawo kanmu. Mun ɗauka buɗe ido harkar anasara ce, shi ya sa yaro in ya ga farar fata sai ya miƙa hannu yana neman kado. Matashi a Maraɗi zai iya lissafa maka manyan gine-ginen Dubai, amma bai taɓa taka Gadabeji ba. Nawa cikinmu suka shiga tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram kafin ruwan Satumban 2024 ya rushe shi? Gini ne na tun ƙarni na 19. Bayan ya faɗi kowa ya sa hotonsa yana jaje.

Kuma in mun je ɗin, ba kullum muke fin anasara ladabi ba. A Ingal lokacin bikin gishiri, sai ka ga ɗan birni ya cusa wa Bororo waya a fuska ko sallama babu. Gidan mutane ba gidan kallo ba ne. Ka yi sallama, ka nemi izini, in an ce a'a ka mayar da wayarka aljihu.

Abin da muke nema a wurin mahukunta ba mai wuya ba ne. Kuɗin da ake karɓa a irin waɗannan wurare, a liƙa lissafinsu a ma'aikatar magajin gari, kowa ya ga nawa ya shigo, nawa ya koma ƙauye. A ware wani kaso don biyan diyyar gonar da dabba ta ɓata, manoma da kansu na cikin masu auna ɓarnar. Lakwal-lakwal kuma su riƙa kai ɗalibai inda tsaro ya ba da hali, a ɗauki ɗan rakiya na garin, a biya shi ba tare da ciniki kamar na tumatir ba, a ci abincin matan wurin maimakon a taho da kula cike daga gida. Jika biyu ko uku na ɗalibi ba su kai na baƙon waje ba, amma babu ofishin jakadancin da zai hana su zuwa.