Karatun Lauya Da Faransanci: Wa Za A Buɗe Wa Ƙofa?

'Yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa maza da mata, yau maganar makaranta za mu yi. Amma kada mai awo ko mai tireda ya ce ba ta shafe shi ba ya juya shafi, domin maganar tana da ƙafa ɗaya a aji, ɗaya a kasuwa. Abin da muke nema shi ne jami'o'inmu na Arewa su shirya karatun lauya wanda aka gama shi da Faransanci, sa'an nan su tsara sharuɗɗan shigarsa yadda yaron da ya yi karatu a Likoro ko Hunkuyi zai iya cika su. In aka yi na farin aka bar na biyun, to, an gina wa 'ya'yan manya sabon soro ke nan da kuɗinmu.

Bari mu fara da yadda abin yake. Yaron da ke son ya zama lauya, tilas ya kawo kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, cikinsu da Turanci da Adabin Turanci. Daga nan ya zauna jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, ya amsa darussa huɗu a kan maki 400, nan ma Adabin Turanci yana ciki. Ya wuce wannan, sai jami'a ta sake tace shi da nata rariyar, domin hukumar da ke kula da horon lauyoyi ta ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben. Wanda Allah ya ba sa'a ya yi shekara biyar a jami'a, ya ƙara ɗaya a Makarantar Horon Lauyoyi, ko a Bwari ko a Bagauda ko wani reshenta, kana ya sa baƙar riga da hular nan mai kama da gashin tunkiya. Shekara shida ke nan uba yana sayar da rake da masara, in ba a yi yajin aiki ba.

Tun a matakin farko ake zubar da yaranmu. Adabin Turanci darasi ne mai son malami da littattafai, makarantun ƙauye da yawa kuwa ba su da ko ɗaya. Yaro ba ya jin cewa darasin nan shi ne mabuɗi sai ranar da ya je cika fom, ya riga ya gama aji shida, an riga an rufe rajista. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi. Takarda ce kawai ta ce bai cancanta ba, shi ke nan ya koma gona ko ya hau babur. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa.

Me ya kawo Faransanci cikin zancen? Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin amsa. Ƙasashe huɗu ne muka haɗa iyakar ƙasa da su, watau Binin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma duk huɗun da Faransanci ake rubuta dokokinsu. Mazarƙwailar Makarfi da Kudan, da barkono, da masara, ba a Zariya suke tsayawa ba. Suna bi ta Jibiya su shiga Maraɗi, suna bi ta Maigatari da Illela, dabbobi da wake kuma su gangaro mana. Mutumin Maraɗi ɗan'uwanmu ne, har yau sarautar garinsu Sarkin Katsina ake ce mata. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna can ƙasarsu suka ja layi a tsakaninmu, a yarjejeniyar 1898 da ta 1904 da ta 1906, ba su tambayi kowa ba. Ciniki da Hausa ake yinsa daga sallama har a buga hannu. Amma ran da ciniki ya ɓaci aka fito da takarda, sai Hausa ta koma gefe, domin takardar kwastan da ta banki da ta kotu duk da bakin Faransa suke magana.

Wani mutumin yankin nan mai safarar kaya ya taɓa zuwa ofishinmu da wata takarda a ninke cikin aljihu. Ya kai kaya bashi can ƙetaren iyaka, an ba shi takarda ya dangwala hannu, yana zaton rasit ne na kuɗin da yake bi. Da biya ya gagara ya kai ta wurin lauya a birni. Lauya ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce sai a nemo mai fassara. Da aka fassara, ashe abin da ya sa wa hannu shi ne ya yarda ba za a biya shi ba sai kaya sun ƙare, kuma abin da ya lalace a kansa yake. Jarin shekara uku ya tafi a layi biyu na rubutu. Ku da kanku kun san irinsa, wataƙila ma a rumfar da ke kusa da taku.

Wani zai ce ai tafinta ya isa. Bai isa ba, domin bambancin ya wuce na harshe. Shari'ar da muka gada daga Ingila tana dogara ƙwarai ga hukuncin da alƙalan baya suka yanke, lauya ya tono tsohuwar shari'a ya ce ga yadda aka yi. Ta Faransa kuwa kundi ce rubutacciya, tushenta dokar da Nafoliyon ya fitar a 1804, alƙali ya buɗe sashe kaza ya yi hukunci da shi. Har wa yau, tun 1993 ƙasashen nan suka ƙulla yarjejeniyar OHADA, wadda ta mai da dokar kasuwancinsu iri ɗaya. Ƙasashe 17 ke cikinta, har da maƙwabtanmu huɗun nan, babbar kotunta kuma tana Abijan. Yadda ake kafa kamfani, da yadda ake ba da jingina, da yadda ake karɓo bashi daga wanda ya ƙi biya, duk suna ciki. Tafinta zai gaya maka abin da kalma take nufi, amma ba zai gaya maka kwana nawa doka ta ba ka kafin haƙƙinka ya faɗi ba. Wannan aikin lauya ne, lauyan da ya karanta dokar da harshenta.

Kada ku ɗauka abin na ƙananan mutane ne kaɗai. Shari'ar Bakassi da aka yanke a Kotun Duniya ran 10 ga Oktoba 2002, aka ba Kamaru yankin, da Turanci da Faransanci aka yi ta, gama su ne harsunan kotun. Kotun ECOWAS tana nan Abuja, tana aiki da Turanci da Faransanci da Fotugis, ƙarar farko da ta saurara kuwa ta ɗan kasuwa ce, Olajide Afolabi, wanda ya kai Gwamnatin Nijeriya ƙara saboda rufe iyakar Binin a 2003 ta karya masa ciniki. A 2004 kotu ta kori ƙarar, ta ce mutum shi kaɗai ba shi da ikon zuwa gabanta. A 2005 aka gyara dokar, aka buɗe wa mutane ƙofa a kan abin da ya shafi haƙƙinsu. Ɗan kasuwa ne ya fara ƙwanƙwasa ƙofar nan. Amma wa zai tsaya wa ɗan kasuwar Ikara a cikinta? Mu dubi Kamaru kuma. A Oktoba 2016 lauyoyin yankin da ke aiki da Turanci suka yi yajin aiki, cikin kukansu har da cewa ba a fassara musu dokokin OHADA ba, kuma ana turo musu alƙalan da ba su san irin shari'arsu ba. Daga wannan kuka wuta ta kama, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Maganar harshen doka ba wasa ba ce.

To, a wasu ƙasashe an daɗe da gama karatun biyu. A Ingila digirin lauya shekara uku ne, amma a Kwalejin King's ta Landan akwai na shekara huɗu, ɗalibi ya yi biyu a Landan, biyu a jami'ar Faris, ya fita da shaidar shari'ar ƙasashen biyu. Sharaɗinsu shi ne yaro ya zo da babban sakamako a Faransanci tun daga sakandare. Wannan ya dace da su, gama suna da malamai, kuma Faransa tana tsallaken ruwa kaɗan. Tsoron da nake ji shi ne ran da masanan namu suka tashi yin irinsa, sai su kwafo takardar Turawa sukutum, su rubuta cewa sai mai kiredit a Faransanci. Ran da aka rubuta wannan layi, an gama da mu. Wane yaro ne ke fita da kiredit a Faransanci? Wanda ubansa ke biyan makarantar kuɗi a Kaduna ko Abuja. Abin da Adabin Turanci ya yi wa yaranmu, shi Faransanci zai yi musu, har ya fi.

Za su ce laifinmu ne, ai Gwamnati ta daɗe da sa Faransanci cikin manhaja. Gaskiya ne a 1996 Janar Sani Abacha ya yi shelar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, aka kuma rubuta haka a manufar ilmi ta ƙasa. Shela ba ta koyar da yaro. Kowane uba ya kira ɗansa yau da dare ya tambaye shi ko ya taɓa ganin malamin Faransanci a ajinsu, ya ji amsa da kunnensa. Ba daidai ba ne hukuma ta kasa aiko da malami, sa'an nan wata hukumar ta hukunta yaro don bai iya darasin ba.

Akwai masu cewa lokacin Faransanci ya wuce. Nijar ta sallami sojojin Faransa a 2023, ta fita daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairu 2025, a shekarar kuma ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Wannan na ƙarshe ya faranta mana rai, ba mu ɓoye ba. Amma takardar da ta ɗaga Hausa ita ce ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki, kuma dokokin da aka tara shekara sittin da ɗoriya ba za a fassara su a damina ɗaya ba. Fitarsu daga ECOWAS ma ƙara mana bukatar lauya ta yi, domin inuwar da fatake ke fakewa a ciki ta ragu. Kun ga abin da rufe iyaka ya yi muku daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, kaya suka ruɓe a kan motoci, bashi ya maƙale a can, ba mai bi muku.

Abin da muke roƙo ba ya fi ƙarfin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba a mota. A Kongo ana koyar da lauya, a Samaru ana koyar da Faransanci, gari ɗaya, jami'a ɗaya tun 1962. Kongo kuwa ba yau ta fara irin wannan aiki ba. Lokacin da aka kawo dokar Final Kod a 1960, can aka tara alƙalai da ma'aikatan kotunan En'e, mutanen da karatunsu na Larabci ne, aka koya musu sabuwar doka. Ba a ce musu su koma su kawo takardar Ingila tukuna ba. An karɓe su da abin da suka zo da shi, aka ɗora musu. Haka nan jami'ar ta daɗe tana gama shari'ar Musulunci da ta boko a digiri ɗaya, ba wanda ya ce kan yaro zai fashe.

Saboda haka a ɗauki yaro da sharuɗɗan lauya da aka sani, kada a ƙara masa ko ɗaya. Faransanci a fara masa daga baƙi da wasali a shekarar farko, a jarraba shi a ƙarshenta, wanda ya ci ya wuce, wanda ya kasa ya ci gaba da lauyansa zalla ba tare da an kore shi ba. In lalle sai an ga alamar yaro yana da kan koyon harshe, to, a karɓi kiredit na Larabci ko na Hausa. Yaron da ya tashi da Hausa, ya yi Larabci a makarantar allo da Islamiyya, ya ci jarrabawa da Turanci, harshe uku ke nan a bakinsa, wa zai ce na huɗu zai gagare shi?

Sai maganar kuɗi, wadda a kanta ake yawan kayar da talaka bayan ya tsallake takarda. Masu digirin Faransanci kan tafi Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991, su zauna a can su goge bakinsu. Badagry tana bayan Ikko, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa uba ya sayar da akuya. Maraɗi kuwa tana da jami'a, Yamai tana da tata, abinci irin namu ne, in yaro ya rasa hanya da Hausa zai yi tambaya. A yi shiri da su, ɗalibi ya je ya zauna cikin kotunansu ya ga yadda ake yi. Kuɗin wannan shekara kuma a sa shi cikin tallafin karatu na Jihar Kaduna tun farko, a rubuce, kada a bar shi sai yaro ya kai aji uku a miƙo wa uba lissafi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa ma suna da abin yi a nan. Kuɗin da kuke tarawa na sati-sati, in kowace babbar kasuwa ta ɗauki nauyin yaro ɗaya, ai kun sami lauyanku na kanku.

Kafin manya su motsa, ga abin da ke hannunmu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai yaro a aji uku na ƙaramar sakandare wanda ke sha'awar lauya, ya je da ƙafarsa wurin shugaban makaranta kafin yaron ya shiga aji huɗu, ya tambaya ko ana koyar da Adabin Turanci, ko akwai malamin Faransanci. In an ce babu, ya rubuta sunan makarantar ya kawo wa shugaban reshen garinsu. Za mu tattara sunayen daga Ikara da Makarfi da Kudan, mu kai wa Ma'aikatar Ilmi a Kaduna da hukumar jami'a, mu kuma buga su a wannan shafi makaranta bayan makaranta.

Akawun Jam'iyya, Likoro.