Haƙƙin Naƙasassu a Gidajen Tarihinmu: Misali Daga Gidan Makama

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. A kan wannan hikima ce aka kafa gidajen adana kayan tarihi, domin ɗalibin da ya karanta labarin sulke da lifidi a littafi ya je ya gan su ido da ido. To amma akwai tambayar da ba a cika yin ta ba: makaho fa, mene ne rabonsa a gidan da aka rufe komai cikin gilashi? Gurgu fa, ta ina zai shiga? Kurma kuma, wa zai isar masa da bayanin mai jagora? Ra'ayina shi ne, gidan tarihin da bai yi wa waɗannan bayin Allah tanadi ba, bai kammala aikin da aka kafa shi dominsa ba, kuma malamin makaranta yana da hannu dumu-dumu a gyaran lamarin.

Bari mu ɗauki Gidan Makama na Kano a matsayin misali. Gini ne na ƙarni na 15, wanda ake dangantawa da Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi wajen harkokin mulkinsu, yanzu kuwa yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Darajar gidan tana cikin gininsa ne na gargajiya. Sai dai abin da ke ƙawata ginin Hausa na dauri shi ne kuma ke wahalar da naƙasasshe: zaure bayan zaure, dokin ƙofa mai tudu, ƙofofi ƙuntatattu, tagogi ƙanana da ba sa shigo da isasshen haske. Maginan da suka tsara irin wannan gini tsaro da sirri da sanyin ɗaki ne a ransu, ba su san wata rana 'yan makaranta za su riƙa zuwa ayari-ayari ba.

Kada a ɗauka mutanen da ake magana a kansu 'yan tsiraru ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da wata babbar naƙasa. A ƙasar Hausa kuwa, ko da yake an tabbatar da kawar da cutar shan-inna ta asali daga Nijeriya a 2020, waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu, wasunsu ɗalibai, wasunsu ma malamai. A haɗa da tsofaffi waɗanda gani da gwiwa suka fara raunana.

Bugu da ƙari, maganar ta wuce ta tausayi, ta zama ta doka. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma sashe na 30 na yarjejeniyar ya ambaci gidajen tarihi cikin wuraren da wajibi ne a sauƙaƙa musu shiga. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su yi gyara. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ke nan duk gidan tarihin da bai yi tanadi ba, bashi ne a wuyansa.

Akwai masu cewa tsohon gini amana ne, ba a taɓa shi, kuma sare dokin ƙofa ko faɗaɗa ƙofar da ta shekara ɗaruruwa ɓarna ce. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba na goyon bayan a sa diga a bangon Gidan Makama. Amma akasarin abin da ake buƙata ba ya taɓa bango ko kaɗan. Ƙa'idar magina ita ce, kowane tudu na santimita 1 yana buƙatar gangare mai tsawon santimita 12. Dokin ƙofa mai tudun santimita 15 ke nan katako mai tsawon santimita 180 ya ishe shi, wanda kowane kafinta zai iya haɗawa, a ɗora a ɗauke ba tare da an ƙwarzani daɓe ba. Tun da keken guragu mai tuƙin hannu da aka saba da shi a garuruwanmu ya fi tsawon da zai juya a cikin soro, sai a ajiye ƙaramin keken turawa ɗaya ko biyu a bakin zaure domin aro. A sa benci a kowane sashe domin hutawa, a kuma gyara makewayi yadda keke zai shiga.

Shi kuwa makaho, hannu da kunne ne idonsa. Gidan tarihi na Louvre da ke Faransa ya buɗe sashe na musamman tun 1995, inda ake shafa kwafin kayayyakin da ba a yarda a taɓa na asali ba. Mu nan abin ya fi sauƙi, domin maƙera da dukawa da masassaƙa da masaƙa suna nan da ransu, kuma yawancin kayanmu na gargajiya ana samun irinsu a kasuwar Kurmi. Me zai hana a keɓe tebur guda a jera takobi marar kaifi da linzami da akushi da ƙwarya da saƙi da tubali, kowanne da sunansa cikin rubutun makafi? A kuma naɗi bayanin kowane ɗaki da Hausa, mai ziyara ya saurara ta wayarsa. Wannan zai amfani har mai idon da bai yi karatun boko ba.

Kurame ma suna da harshensu, wato maganar hannu, wadda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa. Horar da mai jagora ɗaya a kansa, ko ɗaukar kurma aikin jagora, ba zai gagari hukuma ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ya kamata a lura da shi. Tsarin sarautun Hausa ya daɗe da sanin Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa da matsayinsa. Wato naƙasassu suna cikin tarihin da gidan ke ba da labarinsa. Ya dace a ga wannan babi a jikin bango, domin yaron da ya zo da sanda ya san kakanninsa ma suna da gurbi a tarihin garinsu.

Daga ƙarshe, ina kira ga ɗalibai masu shirin zama malamai. Gobe ku ne za ku shirya ziyarar ilimi, kuma a hannunku ne hukuncin ko a tafi da yaron da ke rarrafe ko a ce ya zauna gida domin kada ya sha wahala. Barin sa a baya shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma mafi muni, domin darasin da shi da 'yan ajinsu za su koya a ranar ya fi na tarihi zama a zuciya. Malami ya je wurin tun kafin ranar ziyara, ya duba hanya da ƙofofi da makewayi, ya sanar da ma'aikata irin yaran da zai kawo, ya nemi izinin abin da za a iya taɓawa. Bayan ziyara kuma ya rubuta wa shugaban gidan takarda cikin ladabi, ya yaba abin yabo, ya faɗi abin da ya rage. Idan makarantu goma suka rubuta irin wannan takarda, da wuya hukuma ta kau da kai. Tarihin Kano gadon dukkan 'ya'yanta ne, kuma ba a hana magaji gado don ƙafa ko ido.