DAGA SUKRA: Kafin Ka Aika Kuɗin Sayen Jirgin Ruwa Gida

 

Mai yiwuwa wani ya yi dariya ya ce, me ya haɗa mazaunin Sabha da zancen jirgin ruwa, garin da sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 700 kafin ka ga teku a Tarabulus? To, amsar ita ce da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke aikin gini da gona da gadi a Sukra da Gurda da Mahadiyya 'yan bakin ruwa ne, daga Yawuri da Gaya da Baga da Bosso. Burin wasunsu shi ne in sun tara ɗan abin da suka tara, su aika gida a saya masu jirgi da inji, ya riƙa yin fito ko su, iyali su samu na cefane. Buri ne mai kyau. Sai dai fa sayen jirgi daga nesa cinikin biri a sama ne, kuma abin da ake sa wa a ciki ba dinari kaɗai ba ne, har da rayukan mutane.

Abu na farko, ruwa shi ke zaɓen jirgi, ba aljihu ba. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, ya shanye dazuzzuka da garuruwa har da tsohuwar Bussa, kuma har yanzu akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa. Ga shi da faɗi, in iska ta taso igiyar ruwa takan yi ƙarfi. Wannan ruwa yana bukatar jirgi mai kaurin katako da tsawon gefe. Tafkin Chadi kuwa ba shi da zurfi, ga ciyawa da tsibirai, saboda haka jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi wanda za a iya turawa da gora ya fi dacewa da shi. A fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kachala takan toshe hanya ta naɗe farfela. Kogin Komadugu ba ya kai shekara da ruwa mai yawa, watau jirgin zai yi watanni a kife a kan yashi. Wanda bai yi wannan lissafi ba, zai sayi jirgin da ba na ruwansu ba.

Na biyu, a tambayi kai: aikin zai ɗore? Alal misali, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, masu fito sun samu ciniki ƙwarai, domin mutane da kaya ta ruwa suka koma tsallakawa. Amma kasuwar da rufe gada ta kawo, buɗe gada na iya tafiya da ita. Haka kuma a jihar Diffa an hana su da cinikin kifi a 2015 saboda rikicin Boko Haram, aka yi shekaru masu jirage na zaune. Gara mutum ya dogara da aikin da ya san ana yi tun kaka da kakanni, kamar jigilar ranar kasuwa a Yawuri ko Malale ko Wara.

Yanzu sai babbar tambaya: sabo ko na hannu? Amfanin sabon jirgin katako shi ne kai za ka zaɓi kafinta, a sayi katako a gaban wakilinka. A nemi katako mai ƙwari irin su maɗaci ko kawo, wanda ya bushe sosai, domin ɗanyen katako yakan motse bayan 'yan watanni, tsakanin allunan ya buɗe, yoyo ya soma. Jirgin fayiba ya fi tsada, amma gara ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, kuma saboda rashin nauyinsa bai cika shan mai ba. Matsalarsa ita ce in ya fashe ba kowane ƙauye ake samun mai liƙe shi ba, alhali jirgin katako kowane kafintan bakin ruwa zai iya canja masa allo.

Na hannu ya fi sauƙin kuɗi, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. In za a saya, kada a yarda da duba jirgi yana cikin ruwa kaɗai. A jawo shi tudu, a kife shi. A ɗauki tsinin wuƙa a riƙa caka katakon gindi da wajen da alluna suka haɗu, da kuma allon baya inda ake ɗaura inji. Duk inda wuƙa ta nutse ba wuya, wurin ya ruɓe. A duba ƙusoshi ko tsatsa ta cinye su. Sabon fenti ko sabuwar kwalta a jikin tsohon jirgi abin tuhuma ne, sau da yawa aibi aka rufe. In fayiba ne, a ƙwanƙwasa jikinsa da ƙarfe a hankali: lafiyayyen wuri yakan yi ƙara garau, wanda ruwa ya shiga kuwa sautinsa a dushe yake. Daga nan a mayar da shi ruwa, a kwalfe shi tas, a bar shi ya kwana. Ruwan da aka tarar a ciki da safe shi zai faɗi gaskiyar da dillali ya ɓoye.

Inji kuwa, sau da yawa ya fi jirgin kansa tsada. A ruwayenmu Yamaha Enduro ya fi yawa, mai doki 15 ko 25 ko 40, manyan jirage kuma 75. Hikimar sayen irin wanda kowa ke da shi ita ce kayan gyara da bakanike ba za su yi wuyar samu ba. A je gwaji da sassafe, a taɓa injin a tabbatar da sanyi yake, domin injin da aka riga aka ɗumama yakan ɓoye ciwonsa. In ya tashi, a duba ɗan ruwan da yake tsartarwa ta baya, abin da matuƙa ke cewa fitsarin inji. In babu shi, mai yiwuwa famfon sanyaya injin ya mutu. A kwance ƙusar man giya a ga launinsa: in ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga. A duba fulogi da farfela. Kuma a auna tsawon ƙafar injin da allon bayan jirgin, domin akwai gajera ta inci 15 da doguwa ta inci 20, in ba su dace ba injin zai yi ta ihu ba tafiya. Gwaji na ƙarshe a yi shi da lodi, ba jirgi wofi ba.

A nan sai na ja kunnen mutanenmu na Libiya musamman. Wasu kan ga injin gwanjo da araha a garuruwan bakin teku, su yi sha'awar saye su aika ta Agadas. A tuna cewa ruwan teku gishiri ne, yana cin inji ta ciki inda ido ba ya gani. Ga kuɗin mota, ga kwastan, ga wahalar hanyar Sahara. Sa'an nan duk injin da aka kankare lambarsa a guje shi ko kyauta ne, domin ba a san tarihinsa ba, kuma zai iya kai mai shi ga hukuma.

Kada kuma a zuba duk abin da aka tara a jirgi da inji. A ware na rigunan kariya gwargwadon yawan fasinja, da filafilai, da igiya, da tankin mai, da rajista, da ɗan abin gyara. A Nijeriya hukumar hanyoyin ruwa ta NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lokoja, ita ke rajistar jirage, kuma ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta wajabta sa rigar kariya. Ba don jin daɗi aka kafa waɗannan dokoki ba. A watan Mayu 2021 wani tsohon jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya rabe biyu a kusa da Wara ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. A watan Yuni 2023 kuma fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki da dare suka halaka a yankin Patigi. Tsufan jirgi, da yawan lodi, da tafiyar dare, su ne dai kullum ake ambata.

Saboda haka, ɗan'uwa da ke Sabha, tun da idonka ba zai kai ba, ari idon da ya san ruwa. Hoton da aka turo maka ta WhatsApp ba ya nuna ruɓa. Ka sa a nemi tsohon matuƙi ko kafintan da ba shi da la'ada a cinikin, ka biya shi ladan dubawa. A yi ciniki a gaban Sarkin Ruwa ko shugabannin tasha, a rubuta rasit da sunanka da lambar injin. Tsakaninka da wanda zai tuƙa, ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, a rubuta yadda za a raba riba, da wanda gyara ke kansa, da yawan mutanen da ba za a wuce ba. Kada ka yanka masa kuɗin da zai riƙa kawowa mai nauyi, domin matuƙin da aka matsa wa shi ne ke ƙara fasinja, shi ne kuma ke tashi da dare. In kuɗin bai kai na jirgi mai lafiya ba, a ƙara haƙuri wata shida ko shekara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Allah ya sa albarka a guminmu, ya kare matafiya na tudu da na ruwa. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.