Idan Kayan Ɗaki Suka Salwanta a Hanya, Wa Zai Biya?

Tun daga 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, tashi daga gida zuwa gida ya zame wa ma'aikaci jiki. Yau an sauya masa wurin aiki daga Birnin Kudu zuwa Dutse, gobe kuɗin haya ya kore shi daga Takur zuwa wata unguwa. Buɗe Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara yawan masu shigowa. Duk da haka, da wuya ka ga wanda ya tsaya ya tambayi wa zai ɗauki asara idan a-kori-kura ta kife a hanyar Kiyawa, ko ruwan damina ya jiƙe katifu.

Da yawanmu muna zaton takardar inshorar da direba ke nuna wa jami'an hanya ta haɗa da kayan da ya ɗauko. Ba haka ba ne. Galibi wannan takarda tana biyan diyya ne ga wanda motar ta buge ko ta yi wa ɓarna, kayan da ke bayanta ba sa ciki. A mazhabar Malikiyya ma, wanda aka ɗauka hayar jigilar kaya amintacce ne: in ba abinci ya ɗauko ba, ba ya biya sai an tabbatar da sakacinsa. Ke nan asarar kan mai kaya take komawa.

To, wane ne mai kayan? A yawancin gidajenmu gado da sif da kujeru da kwanuka na uwargida ne, iyayenta suka yi shekaru suna tarawa. Maigida ne ke yanke shawarar tashi, shi ke cinikin mota, amma idan madubi ya fashe ko firji ya lalace, dukiyarta ce ta tafi, sai a bi ta da “Allah Ya mayar da alheri”. Addu'a ce mai kyau, sai dai ba ta sauke hakki ba.

Akwai mafita. Kamfanonin inshora suna da tsarin kare kaya a lokacin jigila. Wanda ke ƙyamar inshora saboda riba da rashin tabbas, ya sani cewa tun 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda don tallafa wa wanda asara ta faɗa wa. Abin da ya rage shi ne kamfanonin su kawo wakilansu Dutse, su tsara kariya ta yini guda da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya.

Kafin nan, kowane magidanci yana da abin yi. Ya rubuta jerin kayan tare da matarsa, da kimar kowanne, ya ɗauki hotunansu da waya. Ya ɗauki mota daga tasha, a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, a rubuta sharuɗɗan lodi da rufe kaya da tampol. Idan zai sayi kariya, ya tambaya ko ta haɗa da fashewa a lokacin lodi da saukewa, domin ba kowace yarjejeniya ce ke ɗaukar wannan ba.

Kayan ɗaki amana ne a hannun miji. Wanda ya iya biyan kuɗin mota da na ’yan dako, bai kamata ya kasa tanadin abin da zai kare dukiyar matarsa ba.