Idan Ƙusar Sifirin Ta Cije

Duk wanda ya san Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa tun 1996, ya san arzikinta a bayan mota yake tafiya. Doya da riɗi da agushi da shinkafa, daga ƙauyukan Doma da Obi da Awe ake kwaso su, a bi hanyar burji da laka kafin a hau kwaltar da ta haɗa Makurɗi da Akwanga. Motocin da ke wannan aiki kuwa galibinsu sun ga jiya sun ga yau. Akwai a-kori-kura ƙirar Peugeot, irin waɗanda kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya harhaɗa, akwai Hilux da kanta, har da tsofaffin roka, watau Marsandi 911 da aka riƙa haɗawa a Inugu tun farkon shekarun 1980. Dukkansu a kan sifirin mai fallayen ƙarfe suke ɗaukar kaya.

Mai irin wannan mota ba kullum yake zuwa gareji ba. Sau da yawa a ƙofar gida yake gyaransa, shi da yaron motarsa, don ya rage kuɗin aiki. To, akwai wani gyara da ke kama da na rabin sa'a amma yakan cinye yini biyu, wani lokaci ma ya ci yatsa ko rai. Shi ne cire ƙusar sifirin da ta cije a cikin bushin.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda wurin yake. Bakin babban fallen sifirin an naɗe shi kamar zobe. A cikin zoben akwai bushin, wato roba mai kauri da bututun ƙarfe a tsakiyarta. Ta cikin bututun nan ƙusa take ratsawa, ta riƙe sifirin a jikin shasi, a ɗaure ta da noti. Daminar Lafiya doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, saboda haka ruwa da laka suna samun lokacin shiga tsakanin ƙusa da bututu. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye, don haka takan cika ɗan sararin da ke tsakani, ta mai da ƙarfe biyu tamkar ɗaya.

Daga nan ne ƙarfi yake daina amfani. In aka murɗa da sifana, ƙusa da bututu sai su juya tare a cikin roba, ko kuwa robar ta murɗe ta komo da su inda suke. In aka sa guduma, robar ce ke shanye dukan, kamar mai dukan buhun auduga. Abin da guduma ke yi kurum shi ne ta baje bakin ƙusar, ya yi faɗi, ya zama ko tsatsar ta saki ba zai ratsa ramin ba. Da yawa a nan suke lanƙwasa mariƙin sifirin da ke jikin shasi, ƙaramin gyara ya koma aikin mai walda.

Abu na farko shi ne a sauke kaya, a tsai da mota a wuri mai tauri, a sa weji a tayoyin gaba. A ɗaga shasi, a tokare shi da ƙarfen tokara ko gumagumai masu ƙwari. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙo ba, kuma bulon siminti yakan fashe ba tare da gargaɗi ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bayan haka sai a sa jak ɗin a ƙarƙashin aksul, a riƙa ɗagawa ana saukewa kaɗan-kaɗan, har a sami inda nauyi ya bar kan ƙusar. Wata ƙusar ba tsatsa ce ta riƙe ta ba, nauyin sifirin ne, kuma sifirin da aka saki da nauyi a kansa yakan yi tsalle ya karya hannu.

Na biyu, a kankare laka, a zuba man sassauta tsatsa, in babu a haɗa kananzir da ɗan baƙin mai, a bar shi ya kwana. Kashegari a kwance noti har ya yi daidai da bakin ƙusa, kada a cire shi, domin ya kare tiredi daga duka. A ɗan bubbuga, a murɗa gaba a murɗa baya. In ta motsa ko da kaɗan ne, to, za ta fita, sai a ƙara mai a ci gaba.

In kuwa ta ƙi, masu dabara ba sa jayayya da ita, yanka ta suke yi. A zura zarton ƙarfe a ɗan sararin da ke tsakanin zoben sifirin da mariƙinsa, a yanke ƙusar ta gefen dama, a yanke ta gefen hagu, sifirin ya sauko. Kuɗin ƙusa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na sifirin ko na gyaran shasi. Waɗansu sukan kira mai walda ya hura wuta, amma wannan sai da hattara ƙwarai. Tankin mai da bututun birki suna kusa, roba na kamawa da wuta, kuma fallen sifirin da ya yi ja a wuta ya rabu da ƙwarinsa ke nan, ko ya kwanta ko ya karye a hanya.

Saura tsohon bushin. A huda robar ko a sassaƙe ta har bututun ciki ya faɗo. In akwai gwangwanin ƙarfe a bayanta, a tsaga shi da zarto a hankali ba tare da an taɓa zoben ba, a naɗe shi ciki da kurfi, zai fita. A goge cikin zoben tas. Sabon bushin ba ya son guduma. Doguwar ƙusa da noti da faffaɗan wasa biyu sun isa su ja shi ciki sannu a hankali. Ruwan sabulu ake shafa wa roba, domin giris da baƙin mai suna lalata ta. Giris ɗin na jikin ƙusa ne, inda za ta zauna cikin bututu, don kada wanda zai kwance ta nan gaba ya sha irin wannan wahala.

Abu biyu ne suka rage, kuma a kansu rayuka suka rataya. Na ɗaya, a dubi kan sabuwar ƙusa. Ta kirki tana ɗauke da lamba, 8.8 ko 10.9, mai nuna ƙwarinta, kuma kada a sa wadda ta gaza ta asali. Ƙusar gaba ta sifirin ita ke tsai da aksul a mazauninsa. In ta karye da lodin doya a kan gangara, tayoyin baya sai su goce, mota ta ƙwace wa direba. Araha ba ta ado, balle a wurin da ke ɗauke da mutane da dukiyarsu. Na biyu, kada a yi ɗaurin ƙarshe sai an sauke mota ta tsaya a kan tayoyinta. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba ta yage.

Masu motocin Lafiya da kewaye, da ma na sauran garuruwan da ake noma, lokacin duba bushin shi ne kafin kaka ta kama, ba ranar da ɗan kasuwa ke tsaye da buhunansa yana duba agogo ba. Ƙara daga ƙarƙashi in an faɗa rami, ko mota ta riƙa tafiya a karkace, ko taya ta cinye gefe ɗaya, duk alamu ne. Wanda kuma ba shi da abin tokara mai ƙwari, ko ya ga shasi ya tsage, gara ya kai wa bakanike ya biya. Allah Ya kiyaye hanya, amin.