ZANCEN MALAMIN YAƘI DA JAHILCI: Yaron da ba ya zama wuri ɗaya

Wannan wata zancenmu na yara ne.

Ran nan, da muka tashi karatun dare a nan Dogarawa, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsaya. Ya ce: "Malam, zan fid da ɗana daga lakwal. Shekara biyu ke nan bai riƙe baƙi ko ɗaya ba. Ba ya zama wuri ɗaya. Na buga har na gaji." Na ce: "Baba, me yake yi in ya komo gida?" Ya ce: "Shirme. Motar kara da shanun laka."

Da safe na je na ga motar. Ƙafafunta huɗu suna juyawa. Ƙofarta tana buɗewa. Har da buhunan tsumma a baya, kamar manyan motocin da ke ɗaukar albasa a Galmi. To, wanda ya auna kara ya yanka daidai haka, ba daƙiƙi ba ne. Akwai yaron da abu ba ya shiga kansa sai ya bi ta hannunsa. Mu ma manya, wa ya koyi dashen albasa a zaune?

Sai na ce ya kawo lakar da yake gina shanu. Muka murza ta kamar igiya. Muka lanƙwasa, muka yi b, muka yi d. Waɗannan biyu su ne ke rikita kowa, har ku iyayensu a aji. Na ce ya rufe ido ya shafa. Cikin b yana dama, cikin d yana hagu. Ya ƙara musu ƙugiya a kai, suka zama ɓ da ɗ. A inuwa ake shanya su. Rana tana fasa laka. In babu laka, a share ƙasa, yaro ya zana baƙi babba da yatsa, ya bi shi da ƙafa yana faɗin sunansa.

Wannan dabara ba tawa ba ce. A 1907 wata likita, Mariya Montesori, ta buɗe gidan yara a birnin Roma, ƙasar Italiya. Baƙaƙe masu kaushi take ba yara su shafa kafin su kama alƙalami. Mu ƙasa da laka Allah Ya ba mu, ba sai an saya ba.

Lissafi ya fi sauƙi. Ɗan makiyayi ya gina shanu 12, a kai 3 kasuwa, ya ƙirga sauran. Ɗan manomi ya kasa albasa goma-goma. Kashi ɗaya dala ashirin, kashi uku nawa? Ku bar shi ya taɓa, kada ku faɗa masa. Dara ma makaranta ce: gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12, sai ka yi tunani kafin ka jera uku. Yarinya mai carafke ƙirga take yi, ko ba ta sani ba. In yaro ya gaji da zama, ya tashi ya yi langa, sannan ya komo.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada a ba yaro gwangwani ko kwalbar maganin ƙwari ya yi wasa, ko an wanke. Guba ce. Na sha ganin su a hannun yara bakin gonakin rani.

Yaron nan dai yana lakwal har yanzu. Bai iya karanta jarida ba tukuna, amma yana jera sunansa da laka, ba kuskure. Shekaranjiya ubansa ya zo aji da b da d a aljihu, ya ce aro ya yi wurin ɗansa.

Wanda ya gwada a Malbaza, Ƙonni ko Illela, ya rubuto mana abin da ya gani. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.